Ɗan Wule da Inuwar Turke

Idan aka kawo mini sa don in hore shi, ranar farko ba na taɓa shi. Nakan ɗaure shi a turke, in zuba masa harawa, in ba shi ruwa, sannan in ɗauki ƙaramin dutse in ajiye daidai inda inuwar turken ta ƙare. Daga nan sai in koma gefe in zauna. Abu ɗaya nake jira: yaushe zai kwanta ya fara tuƙa. Wani kafin inuwa ta gota dutsen da taƙi ɗaya ya kwanta, ya lumshe ido, muƙamuƙi na juyawa. Wani sai ta yi taku guda. Wani kuwa har la'asar yana tsaye, kunnuwa a miƙe, yana duban hanya kamar wanda aka ce ya jira baƙo.

Ku samarin da kuke zama a bakin tasha da baburanku kukan ce horon shanun huɗa ba wani aiki ba ne, bulala ce kawai da gungume. Na ji, kuma ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da mahaifina ya kai ni wurin Malam Tanko a Rurum Tsohon Gari. Yau shekara arba'in da 'yan kai ina wannan sana'a tsakanin Rano da Kibiya. Kwanan baya kun yi ta gardama a gabana, wasu na cewa farin ciki gadonsa ake yi, wasu na cewa samu ne ke kawo shi. Ban sa baki ba, don ba na son magana cikin hayaniya. Ga abin da na sani, kuma a wurin shanu na san shi.

Aikin farko da Malam Tanko ya ba ni shi ne zama. Rani guda cur bai bar ni na riƙe igiya ba. Da safe in kwashe kashi, in ɗebo ruwa, in jiƙa dusa da kanwa. Da an kwance shanu daga aiki sai ya nuna mini gindin ɗorawa ya ce, "Zauna ka duba." Da yamma ya tambaye ni wanne ya fara kwanciya, wanne ya biyo, wanne ya kwanta ya sake tashi. Idan na ce ban lura ba, ba ya faɗa. Cewa kawai yake, "To, gobe ma rana ce." Shi ya koya mini dabarar dutsen nan. A wurinsa shanu kashi biyu ne, masu kwanciya da masu tsayuwa, kuma ba don ado ya raba su haka ba. Duk bijimin da ba ya samun natsuwar yin tuƙa, abin da ya ci ba ya zame masa ƙarfi. Ka cika masa komi safe da yamma, haƙarƙarinsa za ka riƙa gani.

Sai a rani na biyu na taɓa kayan aiki. Karkiyar farko da na sassaƙa ta darbejiya ce, kwana uku ina kankare ta da fasasshiyar kwalba. Malam Tanko ya bi ta da bayan hannu, ya tsaya a wani wuri, ya ce in kawo wuyana. Ya ɗora mini ita ya ce in zagaya ɗorawa sau goma. A zagaye na huɗu na gane inda ƙullin yake. Na koyi huda hanci, da jiran ya warke kafin a ja igiya. Na koyi matakan horo bi da bi: sa ya saba da hannu da murya tukuna, sannan a haɗa shi da ɗan'uwansa su yi yawo da karkiya ba komai a bayansu, sannan gungume, sannan garma a ƙasa mai yashi. Akwai tsumagiya a wurin, a rataye a reshe. Har ta bushe ta karye ban ga ya sauke ta fiye da sau uku ba.

Masu saye su ne rabin wahalar sana'ar. Manomi zai zo kara, wato kasuwar shanu, yana son biyu masu kama ɗaya, fari da fari, tozo daidai da tozo, don a gan shi a hanyar gona a yaba. Tsayi kam dole ya zo ɗaya, in ba haka ba karkiya ta karkace ta cinye wuyan gajeren. Amma launi ba ya jan garma. Malam Tanko ba ya zaɓar wa mutum sa sai ya ga uwarsa. Da haka na saba da rugar Buba, wani Bafillace sa'ana da ke kiwo a dajin bayan Kibiya. Jauro nake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Kaɗo, wato Bahaushe.

"Kaɗo, ka dawo? Kai kaɗai ne ke sayen sa kamar mai neman aure. Sai ka ga uwa, ka tambayi kaka."

"Da surukanka sun yi irin binciken nan, Jauro, da har yau kana tuzuru."

A garkensa akwai shanu biyu da muka fi sani. Fure fara ce sal, mai sanyin hali. Na hori 'ya'yanta har biyar, kowanne kafin taƙi ɗaya ya kwanta. Wule kuwa baƙa ce mai farin goshi, kullum kai a sama. An taɓa kawo wa Malam Tanko 'ya'yanta biyu a shekaru daban-daban, duka ya mayar da su kara. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji shi. "Za ka iya koya wa sa bin layi, Ado. Kwanciyar rai kuwa da ita ake haifarsa."

Na daɗe a kan wannan magana tasa, kuma abin da nake gani a mutane ya ƙara mini yarda da ita. Akwai wani gida a Fassi, tagwaye ne Hassan da Husaini, sai ƙanensu Gambo. Tun daga yaye aka kai Husaini riƙo wurin kawunsu ɗan kasuwa a cikin garin Rano. Ya tashi cikin wadata, ya yi shago, ya yi mota, ya je Makka. Hassan ya zauna a gona. Shi na sani tun muna samari, Husaini kuwa ban taɓa ganinsa ba sai wata rana a kara. Na ji wani a bayana ana nuna masa rago mai kyau yana cewa, "Ƙibar dusa ce wannan, kwana biyu za ta zube." Na juya zan gaida Hassan sai na ga babbar riga da agogo. Murya ɗaya, ƙorafi ɗaya, har layin nan da ke tsakanin gira idan an ɗaure fuska iri ɗaya ne. Mota ba ta goge shi ba, gona ma ba ita ta zana shi ba. An ce mahaifinsu ma haka yake, ko ruwa mai kyau aka yi sai ya ce ya zo da iska.

Gambo ne bai shiga wannan tsari ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, tuwo ɗaya da Hassan, amma ranar da rumbunsa ya rushe an same shi tsaye yana cewa kaji sun samu Sallah. Da na kai wa Malam Tanko wannan misali sai ya ce, "Wajen uwa ya yo. Jini ne dai."

Shekarar ciwon huhu ita ce mafi muni da na gani. Sa zai fara tari, ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙe wuya yana neman iska, cikin 'yan kwanaki ya faɗi. Ma'aikatan dabbobi sun zo sun yi allura, amma kafin nan gidaje da yawa sun rasa ɗaya daga cikin biyunsu, kuma sa ɗaya ba ya huɗa. Aiki ya yi mini yawa fiye da kowane lokaci. Malam Tanko ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya riga ya bar mini sana'ar. Don gudun yaɗa ciwo sai na daina tara shanun mutane a wurina, na koma bin gida-gida a kan keke.

Hassan da Gambo gandu ɗaya suke nomawa tun rasuwar mahaifinsu. A ƙarshen bazara ciwon ya kashe musu sa ɗaya, ya bar Dattijo, ɗan Fure, wanda ni na hore shi da hannuna. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. A shekarar babu shanun haya, wanda nasa suka tsira sai ya gama tasa gonar da ta surukansa, kuma a ƙasarmu wanda ya makara da huɗa ya yi ban kwana da gyaɗa da masara. Hassan ya ce idan ba a samu abokin Dattijo ba zai sayar da shi, a raba gona, shi ya tafi kudu. Gambo yana da iyali da yawa, ba zai iya nome rabinsa da hannu ba. Na zagaya duk inda na sani. Sa ɗaya na samu, a rugar Buba, mai lafiya, mai tsayin Dattijo, wanda ƙarfinsu zai kai. Buba har ya riga ya huda masa hanci saboda fitinarsa.

Na je na gaya wa Malam Tanko.

"Ɗan wace ce?"

"Ɗan Wule, Baba."

"Ado, suna mai kyau na ba ka. Kada ka kai shi Fassi ka yar."

Na ce babu wani. Ya ce Allah ya ba da sa'a, amma in tuna ya faɗa.

Ranar da muka kai shi Fassi, Gambo ya zagaya shi sau biyu yana kallon yadda ya miƙe kunne ya ɗaure fuska. "Yaya, fito ka ga ɗan'uwanka. Ashe ku uku aka haifa."

"Rufe mini baki," in ji Hassan. "Malam Ado, idon wannan bai kwanta mini ba."

"Yaya, me ya taɓa kwanta maka?"

Gambo ne ya raɗa masa suna Tsayau.

Horo na sosai wata guda ne, ni kuwa mako biyu nake da shi in Allah ya jinkirta ruwa. Da farko abin ya ba ni mamaki. Tsayau ya fi duk 'ya'yan Fure saurin ɗauka. Rana ta uku ya karɓi karkiya, ta shida ya ja gungume tare da Dattijo. Nakan iso da sassafe, mu yi aiki kafin rana ta yi zafi, in kwance su, in hau keke in wuce gida na gaba. Rana ta tara muka ɗaura garma a gonarsu. Hassan ya ce shi zai riƙe igiyar gaba, don bai yarda da hannun kowa ba. Gambo ya kama garma. A tsakiyar layi na biyu zabuwa ta tashi daga cikin sabara. Tsayau ya zabura, Hassan ya fizge igiyar hanci da ƙarfi, san ya juya da baya, karkiya ta karye gida biyu, Dattijo ya faɗi a gwiwa wuyansa ya ƙuje. Maƙwabtan gona na kallo. Kafin azahar labari ya kai Rano cewa ɗan Wule ya kayar da Ado.

Hassan ya karkaɗe rigarsa, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. "Ranar kasuwa mahauta za su ɗauke shi. A haɗa da Dattijo. Gambo, ka nemo dattawa su zo a raba gona."

Gambo ya duƙa ya ɗauki ɓarin karkiyar.

Na ce, "Saura kwana nawa kasuwa?"

"Huɗu."

"Ba ni su."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na ja Tsayau zuwa gidansu, kuma a hanya ne na dube shi duban da ya kamata in yi tun ranar farko. Kwiɓinsa ya lotsa, idonsa ya yi ja. Na ce a nuna mini inda yake kwana. Aka kai ni wani lungu a bayan rumbu, katanga ta ɓangare uku, turke a jikin bango, Dattijo kuma a can wani sashe inda ba sa ganin juna. Haka dukanmu muke ajiye shanun huɗa, a cikin gida saboda ɓarayi, Hassan kuwa lungun da ya fi kowane zurfi ya zaɓa. Komi cike da harawa. Na duba ƙasa, babu shaidar inda jiki ya kwanta, sai sawun kofato da ya zagaye turke har ya yi rami. Kwana tara san nan bai huta ba, bai yi tuƙar kirki ba, kuma muna ɗora masa aiki kowace safiya. Laifin nawa ne. Ni da aka koya wa zama rani guda, ko sau ɗaya ban ajiye dutse a gidan nan ba.

Washegari na tafi rugar Buba, amma ba da safe ba kamar yadda na saba. Na same su da tsakar rana a inda garke ke hutawa a inuwa. Na zauna ina duban Wule. Shanu suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, Fure ce ta farko. Wule na tsaye a gefen garke, ta ba su baya, fuskarta na daji. Lokaci-lokaci ta waiwayo ta dube su. Sai da maraƙin ƙarshe ya kwanta, sannan ta shaƙi iska, ta naɗe ƙafafun gaba, ta kwanta a nan gefen, fuska a waje, ta kama tuƙa kamar kowace saniya. Shekara ashirin ina zuwa rugar nan lokacin tatsa, ban taɓa ganin haka ba.

Buba ya miƙo mini ƙwaryar nono. "Kaɗo, yau surukar taka ka zo gani?"

"Jauro, me ya sa ba ka taɓa sayar da ita ba? Nono kaɗan, fitina da yawa."

Ya yi dariya. "Ku mutanen gari. Kana ganin garken 'ya'yan Fure kaɗai zai kai shekara? Su da za a kwance su ɗaya-ɗaya suna tuƙa. Wannan ce idonmu, uwarta ma ita ce idon babana. Ba ƙin kwanciya take ba, ita ce dai ta ƙarshe. Bar ta ta ga kowa, ta ga daji, za ta kwanta. Ka sa ta a ɗaki kamar yadda kuke yi, a tsaye za ta mutu."

Rana ta biyu cikin huɗun na koma Fassi da dagi. Na haƙa turke biyu a ƙofar gida, a gindin tsamiya, inda ake ganin hanya da gonaki har nesa. Dattijo a ta wajen katanga, Tsayau a gefe.

"A waje?" in ji Hassan. "A wannan shekarar? Ka kawo wa ɓarayi har ƙofa ke nan."

Gambo ya ce, "Yaya, kai da dama ba barci kake ba, fito da tabarmarka ku yi gadin juna."

Na zuba harawa, na ba su ruwa, na ajiye dutse a bakin inuwar turke, na zauna. Gambo ya zauna. Dattijo ya kwanta kafin taƙi ɗaya, kamar yadda ya saba. Tsayau na tsaye. Inuwa ta yi taku ɗaya, ta yi biyu. Yana duban hanya, ya dubi Dattijo, ya dube mu. Sai na lura duk lokacin da ya waiwayo, a wuri ɗaya idonsa ke tsayawa. Hassan na tsaye a kanmu, hannu a baya, yana kai da komo.

Na ce, "Malam Hassan, zauna. Ba zai kwanta ba matuƙar akwai na tsaye."

"Ni ma sa ne?"

"A wurinsa duk wanda ke nan ɗan garke ne."

Gambo ya buɗe baki, na harare shi ya rufe. Hassan ya yi tsaki, ya tattara riga, ya zauna a kan saiwar tsamiya. Tsayau ya dube shi, ya dubi hanya, ya shaƙi iska kamar yadda uwarsa ta yi, sannan ya naɗe ƙafafun gaba. Na je na auna daga dutsen: taku uku da rabi. Kafin in dawo wurin zamana ya fara tuƙa.

Kwana biyun da suka rage ban ɗora masa komai ba. Na sassaƙa sabuwar karkiya, na naɗe gefen Dattijo da tsumma, ina shafa wa ƙujewar man kaɗanya. Hassan ya fitar da tabarmarsa ƙofar gida yana mita. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, bai kira mahauta ba, bai kuma ce ya fasa ba. Da muka koma gona sai na sauya musu wuri. Gambo a gaba, don hannunsa sako-sako ne a kan igiya, kuma yana tafe yana ba shanun labarin duk mutanen Fassi. Hassan a garma, don babu kututture ko dutsen da ke kuɓuce wa idonsa. Zabi sun sake tashi, Tsayau ya zabura, Gambo ya sakar masa igiya ya ce, "Ƙanena, miya ce kawai take tashi," Dattijo bai ko ɗaga kai ba, aka ci gaba da layi.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana uku. Safiya shida muka yi muna huɗa. A ta ƙarshe na sa aka ɗauko Malam Tanko a kan babur. Ba ya gani sosai, saboda haka na kai shi gindin tsamiya bayan an kwance shanu, muka zauna har Tsayau ya kwanta, na kama hannunsa na ɗora a wuyan san don ya ji tuƙar da kansa.

"Taku nawa?"

"Uku, Baba."

"Ɗan Fure taƙi ɗaya. Jini ne dai."

"Jini ne. Amma ya kwanta."

Ya daɗe hannunsa na wurin. Sannan ya ce, "Ashe 'yan'uwansa biyun da na mayar kara, ni ne ban zauna ba." A duk shekarun da na yi da shi, wannan ce maganar da ta fi kama da yabo.

Tsayau ya yi damina bakwai a gidan nan. Bai taɓa zama Dattijo ba. Shekarar da aka yi harawa mai yawa ya sauko taku biyu na 'yan kwanaki, ya koma ukunsa. Dattijo ma shekarar yunwar dabbobi ya ɗan jinkirta, ya koma taƙinsa. Kowa na da inda yake komawa. Tun daga lokacin da gangan nake haɗa mai tsayuwa da mai kwanciya a karkiya ɗaya, ɗaya ya ba da wuta, ɗaya ya ba da nauyi. Yanzu har daga wajen ƙasar Rano da Kibiya ana zuwa nemana saboda wannan haɗi, kuma ban sake mayar da sa kara saboda uwarsa ba.

Saboda haka idan kun tambaye ni kashi nawa ne na gado, kashi nawa ne na rayuwa, ba ni da sikelin auna wannan. Abin da na auna da ƙafata shi ne: jini ke yanke ko taƙi ɗaya ne ko taku uku, kuma ban taɓa ganin dusa ko bulala ta sauya wannan ba. Inda aka kafa turke kuwa, da wanda aka haɗa ka da shi, da wanda ke tsaye a kanka, su ke yanke ko za ka kwanta ko ba za ka kwanta ba. Wannan ɓangaren shi ne sana'ata, kuma ba a koyonsa da gungume.

Ranar nan ta ƙarshe, bayan an mayar da Malam Tanko, mu uku muka koma bakin gona da la'asar. Kunyoyi a jere daga wannan iyaka zuwa waccan, ƙasa baƙa, ƙamshin ruwa bai gama tashi ba. Hassan ya zauna a ƙasa ba tare da an ce ya zauna ba. Maganar dattawa da rabon gona ba a sake yin ta ba, har yau gandun ɗaya ne, 'ya'yansu ke nomawa.

Gambo ya ce, "Yaya, ko sau ɗaya a rayuwarka ka ce madalla mana."

Hassan ya bi gonar da ido daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai karatu. Sannan ya ce, "Kunya ta bakwai daga gabas ta karkace."

Gambo ya faɗi da dariya. Ni kuwa na tashi na je na duba. Ta karkace ɗin.